Yatsun Yaya

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga tafireta a wata kwaleji, kuma tun ranar da ta ajiye aiki ba ta sake taka garin ba sai bara. Tafiyar ba ta da nisa. Mota ɗaya ce, ka tashi da hantsi ka isa kafin rana ta take. Idan aka tambaye ta sai ta ce gwiwa ce. Gwiwar nan kuwa ta kai ta wuraren da suka fi can nisa.

Tana da shekara goma sha bakwai ta koyi aikin, lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifinmu. Da yatsun nan aka saya mini takalmin makaranta na farko. Ɗakin aikinsu yana ƙarshen baranda a tsohon ginin ofisoshi, teburi huɗu, taga ɗaya mai sandunan ƙarfe. Ɗalibai ba su san sunanta ba, Ba-Gyara suke ce mata, don idan ta zare takarda daga keken rubutun ba a komawa kanta da biro.

Lokacin jarrabawa aikin yana da ƙa'idarsa. Malami ne zai kawo tambayoyinsa da kansa, rubuce da hannu. A kulle ƙofa. Ita ta riga ta bar jakarta wurin mai gadi. Malamin zai tsaya a bayanta, ta buga asali ɗaya da kwafe ɗaya, da takardar kabon a tsakaninsu. Idan ta gama ya karɓi duka, har da rubutun hannunsa. Kabon ɗin kuma a ƙona shi a wani bokitin ƙarfe da ke bakin ƙofa, domin sabon kabon idan ka ɗaga shi a haske za ka karanta duk abin da aka buga.

A shekararta ta goma sha biyu a aikin, tambayoyin wata jarrabawa suka fita gari kwana uku kafin a zauna. Aka kafa kwamiti, maza biyar. Suka kira Yaya suka yi mata tambayoyi yini guda, sannan suka ce ta je gida har a gama bincike. Ta yi wata takwas a gida. Mijinta ya daina zama a ƙofar gida da yamma. Babban ɗanta ya dawo daga makaranta da fasasshen leɓe sau biyu. Ni ma na je na same ta tana wanki, na tambaye ta ko ita ce ta fitar. Ta dube ni, ta ci gaba da wankinta.

Wata rana masinja ya zo ya ce ta koma aiki ranar Litinin. Ta ce ina takarda. Ya ce ba a ba shi takarda ba. Ta koma, ta ƙara shekara goma sha tara a kujerar, takardar ba ta zo ba. Malamin da ya tsaya a bayanta ran nan ya tafi ƙarin karatu a shekarar, ya dawo, ya yi sama. Tana gaishe shi kowace safiya a baranda, yana amsawa. Yanzu ya rasu, sunansa yana goshin sabon zauren lacca da manyan haruffa. Yaya ba ta taɓa furta sunan a maganar nan ba, ni ma ba zan fara ba.

Abin da ya mayar da ita garin jikarta ce, 'yar wancan babban ɗan nata, wadda ta samu gurbin karatu a kwalejin. Yarinyar ta dame ta a waya.

"Kaka, kowa an zo ganinsa sai ni. Ko tsoron motar kike yi?"

"Ke da aka haifa jiya za ki koya mini shiga mota?"

"To ki zo mana, ƙawalli. Ki taho da ƙanen nan naki ya riƙe miki jaka."

Haka aka yi, na riƙe jaka.

Yarinyar ta nuna mana ɗakin kwanansu, gadaje shida da igiyar shanya a tsakiya. Ta nuna mana ɗakin karatu. Yaya tana tafiya tana kallon ƙasa, sai da ta ga an sare wata bishiya ta ce a nan masu gyaran keke suke zama. Da muka karyo kwana wajen tsohon ginin, sai muka tarar an ɗaure hanya da igiya. Manyan motoci uku, wayoyi kwance a ƙasa kamar an zubar, ɗalibai sun yi cincirindo. Wasu samari suna tsaye cikin wanduna masu faɗin ƙafa irin na zamaninmu, kowanne da wayar salula a hannu.

"Fim ake ɗauka," in ji jikar. "Kwanansu huɗu. Labarin kwalejin nan ne a da."

Yaya ta dubi samarin ta ce, "Wuyan rigar bai yi ba."

Wadda ke tsaron igiya ƙawar jikar ce, ta ɗaga mana muka shiga baranda, da sharaɗin kada mu yi tari. Ni ban taɓa ganin yadda ake wannan aiki ba. Mutum ya fi ashirin a tsaye domin mutum ɗaya ya buɗe ƙofa. Ya buɗe, a ce ya koma. Ya sake buɗewa, a ce ya koma. Wani yana riƙe da doguwar sanda mai gashi a baki, ta ɗaukar murya. Har na fara jin daɗin abin.

Sai ƙarar ta zo daga ƙarshen baranda. Yaya ta tsaya cak.

"Wa ke dukan keken nan?"

"Kaka, yi shiru, ana ɗauka."

"Duka ake yi, ba bugu ba."

Ba ta jira kowa ba. Ta tsallake wayoyi da gwiwar nan tata, ta tura ƙofar ɗakin da ta yi shekara talatin da ɗaya a ciki. Muka bi ta. An jera teburi huɗu kamar da, an sa fitilu a kusurwa, amma hasken da suke so na taga ne. A teburin da ke kusa da tagar wata kyakkyawar yarinya tana zaune, an ɗaura mata ɗankwali irin na da, tana sukar haruffa da yatsu biyu masu dogayen farata. Ƙarafan sun cakuɗe a gaban takardar, tana fizgo su da hannu.

Wani saurayi mai hula a juye ya ɗaga hannu aka tsaya. Shi ne darakta.

"Wa ya bar Mama ta shigo?"

"Sake shi," in ji Yaya ga yarinyar. "Za ki karya masa hannu. Tashi."

Yarinyar ta tashi, ina jin ba ta san ta tashi ba. Yaya ta zauna. Ta shafa gefen keken inda fenti ya goge, daidai faɗin tafin hannu. Nata ne. An ajiye shi a sito, masu fim suka aro. Ta raba ƙarafan a hankali, ta juya ƙyallen tawada, ta gyara zaman takarda. Sannan ta buga layi ɗaya, ƙararrawar keken ta kaɗa, ta mayar da kan keken da hannun hagu ba tare da ta duba ba.

Mai kyamara, wani mai ƙaton ciki, ya leƙo daga bayan na'urarsa ya ce, "Oga, ka ji kuwa?"

Darakta ya canza murya nan take. Ya durƙusa kusa da kujerar.

"Mama, kin taɓa wannan aikin?"

"Kaɗan."

"Za ki ara mana hannunki? Fuska ba za ta fito ba, yatsu kawai."

"Me ya samu fuskar?" in ji jikar, aka yi dariya. Yaya ma ta murmusa, abin da ban gani ba tun da muka shigo garin.

Suka ba ta wata takarda mai rubutun hannu, suka sa mata fararen takardu biyu da kabon a tsakani. Ta buga. Suka ce a sake, ta sake, har sau biyar. Kyamara tana dab da yatsunta, waɗanda yanzu sun kumbura a gaɓoɓi, amma ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Yaya ba ta karanta abin da take bugawa. Haka masu aikin suke, ido yana ɗaukar haruffa ya miƙa wa yatsu, ma'anar ba ta tsayawa a kai. Da aka gama aka tafa mata. Aka kawo mata ruwa, aka zaunar da ita a benci jikin bango, wata yarinya ta kawo mata takardar da za ta sa hannu cewa ta yarda a nuna yatsunta. Yaya ta ciro tabarau. Takardar da za ta sa wa hannu kam tana karantawa, tun daga layin farko.

Tana cikin karatun aka ci gaba da ɗauka. 'Yar wasan ta koma kujera. Ta waiga hagu da dama, ta zare kwafen da Yaya ta buga, ta ninke shi. Wani saurayi mai faɗin wando ya zo bakin taga ta waje. Ta miƙa masa takardar ta tsakanin sandunan, shi kuma ya miƙo mata ambulan, ta cusa a riga.

Na dubi Yaya. Tabarau yana hannunta.

"Ɗan nan," ta ce. "Wace takarda ce na buga?"

"Tambayoyin jarrabawa, Mama," in ji darakta, yana duba wani ƙaramin allo. "A nan labarin ya ɗauki zafi. Kuma abin ya faru da gaske, a ɗakin nan ma. Wata mai tafireta ce ta sayar. Kawuna a nan ya yi karatu, shi ya ba ni labarin."

"Mu ma an ba mu," in ji jikar. "Duk sabon ɗalibi sai an nuna masa tagar nan. Kaka, ba a zamaninku ba ne? Kin san matar?"

Ubanta bai taɓa gaya mata ba. Na so in yi magana, harshena ya yi nauyi, kamar yadda ya saba yi a inda ake bukatarsa.

Aka ba da hutu don a matsar da fitilu, mutane suka fita shan iska. Yaya ta miƙe ta je wurin keken. Ta kawo kansa tsakiya, ta kai hannu baya ta matso da wasu 'yan ƙarafa biyu masu tsayar da layi, ta haɗa su wuri ɗaya. Idan an yi haka kan keken ba ya motsi, ko dama ko hagu. Haka take yi kowace yamma kafin ta tashi, don kada mai shara ya ture shi. Ta lulluɓe shi da rigarsa ta dawo benci. Ko sabo ne ya sa ta, ko wani abu, ban tambaye ta ba. Na daina yi mata tambaya.

Da suka dawo suna bukatar 'yar wasan ta buga layi biyu a nuna fuskarta a kan aikin. Ta danna, kan keken ya ƙi tafiya. Ta tura, ya ƙi. Mai kula da kayan fim ɗin, wani dogo mai makullai a ƙugu, ya zo ya jijjiga shi, ya leƙa ƙasansa, ya buga gefensa da tafi. Gumi ya keto masa.

"Aro ne fa. Ni na sa hannu a kansa. Wa ya taɓa shi?"

"Tsohuwar nan na gani a wurin," in ji wani.

Dogon ya juyo. "Mama, me kika cire? Kada a bar ta ta fita, a duba jakarta."

Jakar tana hannuna. Yaya ta karɓe ta, ta zazzage a kan teburi. Maganin gwiwa, kuɗin mota, hankici, makullin gida. Ta bar su a baje.

"Duba," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba, ƙasa ma ta yi. "Ba yau aka fara duba ni a ɗakin nan ba. Wancan karon har ɗankwalina aka kwance."

Jikar ta dube ta, ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane, don ta dafa bango.

Yaya ta zauna a kujerar ta ce da darakta, "Zo ka tsaya a bayana. Nan, dab. Me kake gani?"

"Takarda, Mama."

"Kana iya karantawa?"

"Eh."

"Haka malamin yake tsayawa. Shi ya rubuta, shi ya kawo, shi yake karɓar asali da kwafe. Kabon a ƙona a gabansa. Jakata tana wurin mai gadi. Tagar nan da kuke miƙa takarda, a lokacin da ragar waya a jikinta, ko ƙuda ba ya shiga. To ta ina na fitar? A bakina na ɓoye?"

"Mama, ban san ke ba ce. Wallahi ban sani ba."

"Ba ni ba ce."

"Abin da nake nufi ke nan. Amma ki gane, fim ne. Ba mu ambaci sunan kowa ba. Kuma mun nuna talauci ne ya sa ta, mutane za su tausaya mata."

"Ɗazu ka ce gaske ne, yanzu ya koma fim. Tausayin kuma ka riƙe abinka. Mace ɗaya ce a ɗakin nan a shekarar, garin nan kowa ya sani. Ka ɗauki yatsuna ka liƙa a jikin ɓarauniya, ka ba ni ruwa."

Darakta ya cire hula ya sosa kai. Ba mugun yaro ba ne, gajiya ce a fuskarsa. Ya ce, "To idan ba mai tafireta ba, wa zai sayar? Dole wani ya sayar, in ba haka ba babu labari."

"Kai ne mai labari. Mutum biyu ne a ɗakin."

Darakta ya mayar da hularsa. Sannan ya ce ga shawara, za a ɗauka iri biyu, wannan da wancan, idan an je haɗawa sai a duba wanda ya fi dacewa.

"Har a gama bincike ke nan," in ji Yaya. "Na san wannan. Wata takwas ne."

Ta ajiye takardar yarda a kan teburi, ba sa hannu, ta fara mayar da kayanta cikin jaka ɗaya bayan ɗaya.

Mai kyamara ya matso kusa da darakta. Ya yi ƙasa da murya amma ɗakin ƙarami ne. Ya ce rana za ta bar tagar nan kafin awa ɗaya, gobe kuma kwaleji za ta karɓi ɗakinta. Ya ce tun da suka fara aikin nan bai ɗauki abin da ya kai yatsun nan ba, idan babu sa hannu kuwa sai dai a goge. Dogon mai makullai yana ta kokawa da keken har yanzu. Darakta ya fita baranda da waya a kunne. Muna jin muryarsa tana hawa tana sauka. Ya jima.

Da ya dawo ya ce, "An gama, Mama. Za a cire tagar. A kan matakala za a miƙa ambulan, hannun namiji, da agogo da hannun kwat. Mai tafireta za ta buga, ta miƙa, a ƙona kabon, kamar yadda kika faɗa. Na ba ki kalmata."

"Kalma masinja ma ya kawo mini. Rubuta."

"Ki ba ni biro."

"Bar shi."

Ta ture hannun dogon, ta kai yatsu biyu bayan keken ta raba ƙarafan. Kan ya zame kamar ba shi ne ya ƙi motsi ba. Dogon ya tsaya baki buɗe, ya fara ba da haƙuri, ba ta dube shi ba. Ta sa takardar yardar a keken, da kabon da fara a bayanta, ta buga layi uku a ƙasa: cewa a fim ɗin nan ba za a nuna mai tafireta ta fitar da takardar jarrabawa ba, ba kuma za a faɗa da baki cewa ta fitar ba. Ta buga kwanan wata. Darakta ya karanta ya sa hannu a duka biyun, ita ma ta sa. Ta ba shi kwafe. Asalin ta ninke shi biyu ta sa a jaka, ta ba ni jakar. A iya sanina wannan ce takarda ta farko da ta fita daga ɗakin nan tare da ita.

Ba mu tsaya ganin sauran ba. Jikar ta rako mu tasha, tana riƙe da hannun kakarta, babu zolaya ko ɗaya.

"Kaka, waye ɗayan?"

"Ki yi karatunki."

Hanyar tasha ta gaban sabon zauren lacca ta bi. Yaya ta wuce tana kallon gabanta. Yarinyar ta dube ni, ni kuma ina jin na ɗan ɗaga kai wajen sunan da ke goshin zauren ba tare da na yi niyya ba. A zauren nan take ɗaukar darasi kowace safiya. Ba ta sake tambaya ba.

Fim ɗin ya fito watanni bayan haka. Jikar ta ce yatsun suna ciki, ba su daɗe ba, kamar kurɓin ruwa biyu. Hannun mai agogo ma yana ciki. Ta ce har yanzu ana nuna wa sababbin ɗalibai tagar, ta yi faɗa da mutum uku a kan haka. Yaya ba ta kalla ba, ta ce idonta ba ya son hasken allo.

Amma a mota ran nan, da muka fita gari, na ga ta buɗe jaka ta taɓa takardar ta rufe. Na ɗauka ta huce. Na ce, "To Yaya, yau dai kin samu takardarki."

"Ta 'yan wasa ce," ta ce. "Kuma ni na buga wa kaina. Ta kwaleji fa?"

Motar ta yi tafiya mai ɗan nisa, an wuce gonaki, an tsaya an sauke wata mata da kaji. Sannan ta ce, tana kallon waje:

"Kai ma ka tambaye ni."

Shekara arba'in ke nan da wankin nan. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu, yatsun nan biyar a tsaye. Na rufe. Na riƙe mata jaka har gida.